Jiminar da ba ta gudu

Wata ƴar unguwarmu tana ɗinka duwatsun ado bisa baƙin ƙyalle a Wadata, can Yamai, wurin masu sana'ar hannu. Ran da na je gaishe ta na tarda ta kan wata jimina, ta gama wuya da jajayen duwatsu, tana ƙafa. Na ce, "Yaya, kin taɓa ganinta a daji?" Ta yi dariya, ta ce cikin salula ta gan ta. Ni mai tambayar ma haka ne.

Tun ranar abin yake cina. Wanda ya zana dabbar da ke ƙarewa, taimakonta ya yi, ko likkafani mai kyau ya ɗinka mata?

Ai ado bai taɓa raga wa jimina ba. Gashinta aka yi ma sarakuna mafici da takalmi, ƙwanta aka ɗora bisa ƙololuwar masallatai da ɗakuna. Son da muka yi mata na cikin abin da ya ci ta. Ƴan da suka rage a Abzin, bindiga ta share su lokacin tawayen shekarun 1990. Yau sai cikin shinge ake kiwonsu a Kelle, wajen Gure, da fatan wata rana a maida su daji. Idan haka ne, yayata ta fi magabata adalci, tunda allurarta ba ta fige kowa ba.

Amma akwai inda raina bai kwanta ba. Mai saye ya rataya ƙyallen a falo, ya ji kamar ya biya bashi. To, wa ya biya? Raƙuman dawa na Kure, da ba su wuce 50 ba a 1996, yanzu sun haura 600, har an kai wasu Gadabeji a 2018. Manoman da suka danne zuciya suna kallo ana cinye musu wake, su suka biya wannan, kuma ba wanda ya ɗinka hotonsu.

Ba ni da bakin zargi, wallahi. Karatun harshe nake, kundina cike yake da sunayen tsuntsaye da na kwaso daga bakin tsofaffi, na sa musu karin sauti, na jera. Rabinsu ko sun sauka gabana ba zan gane su ba.

Da zan tashi na lura yatsu huɗu ta yi mata, irin na kaza. Na ce biyu gare ta, a littafi na karanta. Ta harare ni, ta ɗauko reza ta fara warwara.