Mai amsa waya a bakin gona

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ya ratsa Bichi ya nufi Tsanyawa da Kunchi, zai lura babu daji. Gona manne take da gona, iyakarsu layin gamba ne ko 'yar hanyar ƙafa, gidaje kuma warwatse cikin gero da dawa. Jama'a sun yi yawan da ba a barin saura, taki ne kawai ya riƙe ƙasar. A irin wannan wuri mutum ba ya ɓuya. Kafin ɗan acaɓa ya kai ka bakin titi, unguwa ta san inda ka dosa. Shi ya sa da wayar saurayi ta yi ƙara sai ka ga ya zame daga majalisa, ya taka har ƙarshen gonar babansa, ya juya baya. Iyakar sirrin da ya rage masa ke nan, kuma ina ganin masu neman raba matasa da ƙwaya ba su ba wannan 'yar tafiyar muhimmancinta ba.

Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a farkon 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano. Mafi yawa wiwi ne da taramol da kodin, kuma kowa ya san ɗan ƙwadagon da ba ya ɗaga fartanya sai ya kora. Metamfetamin, mai kama da garin ƙanƙara, masu shanta a lokacin kusan 89,000 ne a duk ƙasar. Sai dai a gida ake dafa ta: hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ta gano wurin haɗa ta na farko a Legas a 2011, a 2016 kuma ta kama wani katafare a Asaba har da 'yan Meziko a ciki. Zuwa 2021 ta addabi garuruwan Inyamurai, inda ake ce mata mkpuru mmiri. Kayan da ake yi a gida kuwa ba sa rasa motar da za ta kai su kasuwa.

Ga inda metamfetamin ta bambanta. Mai shan hodar heroin akwai maganin da likita zai ɗora shi a kai, irin su methadone. Ita wannan har yau babu ƙwaya ko allurar da hukumomin magani suka amince tana raba mutum da ita. Abin da aka ga yana aiki zama ne da mai ba da shawara: a gano lokacin da ƙishirwarta ke tasowa, da wa ake zama, me za a yi in abokin ya zo da ita, wani lokaci har da 'yar kyauta ga wanda gwajin fitsarinsa ya fito fes. Aikin kamar noman gero ne, ba a gamawa da noman fari, sai an koma maimai, don ciyawa ba ta jin kunyar dawowa. Magana kuwa ba ta buƙatar gado. A Ostireliya cibiyar Turning Point ta birnin Melbon ta daɗe tana yin wannan zama ta waya. A nan gida, lokacin kullen korona a 2020 UNODC ta haɗa likitoci da masu ba da shawara a tsarin DrugHelpNet, a 2022 kuma NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta buɗe layin kira kyauta, dare da rana.

Wani zai ce ai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na nan a Dawakin Tofa, kusa-kusa. Haka ne, amma ba nisa ke hana zuwa ba, sunan ne. Da an ce "an kai ɗan wane Dawanau", to an gama da shi, har neman auren ƙannensa sai ya girgiza. Iyaye kan jure shekaru suna rufa-rufa, in abin ya fi ƙarfinsu su kai yaro gidan mari da dare. Abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, ya isa ya sa uba ya sake tunani. Muryar da ba ta san gidanku ba, ba ta san kakanka ba, ita ce yaro zai iya gaya wa gaskiya.

Amma me ake fara yi a gida in an gane? A ƙwace waya. Akwai hujja, don ta nan dila ke samun yaron. Sai dai dila ya san hanyar gidan, mai shawara kuwa ba shi da wata ƙofa sai wannan. Gara yayansa ya zauna da shi a goge lambobin banza, a biya masa kuɗin caji a shago, in ya nufi bakin gona a ƙyale shi ba tare da an tura ƙane ya laɓe ba.

Waya ba ta isa ko'ina ba. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, yana jin muryoyi, yana rantsuwa ana bin sa, ko yana zancen kashe kansa, wannan na likita ne a ranar, Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko me unguwa za ta ce.

Akwai kuma waɗanda ko bakin gonar ba su da shi. Binciken nan ya ce cikin kowane masu sha huɗu, ɗaya mace ce, amma a wuraren jinya da ƙyar a sami mace ɗaya cikin ashirin. Matar da ke cikin kulle a ƙauyen Makoɗa sau da yawa wayar maigida take ara, ga kishiya a tsakar gida, katanga kuma ta kara ce. Ko ta samu ta kira, lambar na nan a wayar sai ya dawo da yamma ya gani.