Haƙƙin Ma'aikaci Idan Baitulmali Ya Yi Ƙasa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya yi umurni da adalci, ya hana tauye mudu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, akwai wata magana da akan ji a majalisu da bakin kasuwa duk lokacin da aka ce gwamnati za ta rage albashi, ko ta soke wani alawus, ko ta sauƙaƙa hanyar sallamar ma'aikatanta. Sai ka ji manomi ko mai tebur ya ce: "Su ma su ɗanɗana. Mu wa ya taɓa ba mu albashi?" Maganar ba ta rasa dalili ba, domin masu albashin gwamnati ƴan kaɗan ne a cikin jama'ar Nijar, kuma babu wanda bai taɓa zuwa biro ya tarar da kujera babu mai ita ba. Amma tambayar da ta kamaci Musulmi ita ce: shin ya halatta hukuma ta rage haƙƙin wanda ta ɗauka aiki saboda baitulmali ya yi ƙasa? Kuma in ta rage, a kan wa abin yake ƙarewa?

Ƙasarmu ta ga wannan al'amari da idonta. A farkon shekarun 1980 kuɗin uraniyom ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya yi wa ƙasa yawa, sai aka shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu. Aka rage ɗaukar sababbin ma'aikata, aka rufe wasu kamfanonin gwamnati, aka sayar da wasu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin matakan da suka shafi ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, wasu suka rasa rayukansu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: tamma ɗaya ta Faransa da ake saye dala goma ta koma dala ashirin, magani da duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. A cikin waɗannan shekaru ne ma'aikata suka riƙa bin gwamnati bashin albashin watanni, ƙungiyar ƙwadago ta USTN tana ta kiran yajin aiki, har a farkon shekarun 2000 aka biya wasu wani ɓangare na bashinsu da fulotai maimakon kuɗi.

Malaman fiƙihu sun sanya wannan mas'ala a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san ladan, kuma ɓangarorin biyu su yarda. Idan muka auna abin da ake kira ragi da wannan ma'auni, za mu ga abubuwa uku ne aka haɗa da suna guda, alhali hukuncinsu ya bambanta.

Na farko shi ne ladan aikin da aka riga aka yi. Wannan bashi ne tsantsa. Malamin lakwal da ya koyar wata guda ya mallaki albashin watan tun kafin ya shiga hannunsa, kamar yadda mai hatsi ya mallaki kuɗinsa da zarar ya auna maka tiya ka zuba a buhu. Hadisin da Imamu Buhari ya ruwaito ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa. Fansho ma nan ya shiga, domin wani yanki ne na lada da aka riƙa cirewa ana ajiye wa mutum saboda tsufansa. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Haraji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya yanka masa abin da zai ci daga baitulmali, don ya ga rashin adalci ne a karɓi haraji a hannun mutum yana da ƙarfi, a yashe shi bayan ya tsufa. To, ina ga wanda ya ƙarar da shekara talatin yana yi wa ƙasa hidima?

Na biyu shi ne ladan aikin da ba a yi ba tukuna. Nan akwai sarari. Idan baitulmali ya gaza da gaske, ba laifi ba ne a zauna da wakilan ma'aikata, a buɗe musu littafin shiga da fita, a sake shiri bisa yarda. Abin da shari'a ba ta sani ba shi ne mai ƙarfi ya canza alkawari shi kaɗai, ya ce wanda bai yarda ba ga hanya nan.

Na uku shi ne tabbacin aiki, wato dokar da ta hana a kori ma'aikaci sai da laifi bayyananne da bincike. Mutane da yawa suna ganin wannan gata ce da aka yi wa ƴan bariki. Alhali an kafa ta ne don talaka. Ma'aikacin da ke kula da filaye, idan ana iya sallamarsa da kalma guda, yaya zai ce wa mai mulki a'a ranar da aka umurce shi ya sa hannu a ƙwace gonar maraya? Mai binciken kuɗi da ke tsoron rasa tuwon ƴaƴansa, idonsa zai riƙa tsallake wasu shafuka. Wanda aka riƙe masa maƙogwaro ba ya iya faɗin gaskiya.

Sai mu duba inda ragin yake sauka. Albashi guda a ƙasarmu ba baki guda yake ciyarwa ba. A bayansa akwai iyaye a ƙauye, da ƙannen da ke karatu, da mai kanti da ya ba da bashin shinkafa, da mai gidan haya, da mahauci, da tela, da mai garuwa. A shekarun da albashi ya riƙa makara, ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su bukaci a gaya musu ba, littafin bashinsu ne ya gaya musu. Wanda ya yi dariya da safe don an hana ma'aikaci albashi, da marece shi ne ya rufe tebur bai yi ciniki ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Gwamnati ita ce babbar mai ɗaukar aiki da albashi a ƙasa, kuma tiyarta ita ce sauran masu ɗaukar aiki suke dubawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara ɗaukar malaman lakwal na kwantaragi, da lada ƙasa da na cikakken ma'aikaci, ba tare da tabbacin aiki ba, har suka zamo su ne mafi yawa a makarantun firamare. Gaskiya ne an buɗe azuzuwa da yawa ta wannan hanya, yara masu yawa sun shiga lakwal. Amma kowa ya koyi darasi guda: ana iya sa mutum biyu aiki iri ɗaya, a biya ɗaya cikakke, a tauye ɗaya. Mai makaranta mai zaman kanta ya gani, mai kamfanin gadi ya gani, mai gidan burodi ya gani. Idan liman ya yi sallama kafin lokaci, ba a tuhumar mamu. Hukumar da ta jinkirta albashi wata uku, da wane baki za ta tsawata wa attajirin da ya hana yaron shagonsa lada?

Sannan yunwa tana buɗe ƙofar haram. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutum suka yanka. Da Sayyidina Umar ya fahimci cewa ana barin su da yunwa, sai ya ci ubangidansu tara, ya sa ya biya ninkin kuɗin taguwar. Wannan ba izinin cin hanci ba ne ga kowa, rashawa haramun ce ga mai yunwa da mai ƙoshi. Amma wanda ya hana ma'aikaci haƙƙinsa yana da kaso a cikin zunubin abin da ya biyo baya, kuma talakan da ya je neman takarda ko magani shi ake tatsa.

Mai hankali zai ce: to, idan babu kuɗin fa? Ai ba a matsa dutse ya ba da ruwa. Haka ne, kuma Musulunci bai ɗora wa kowa abin da ba ya iyawa ba. Amma lalura tana da ladubbanta. A shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, shekara ta 18 bayan hijira, Sayyidina Umar ya haramta wa kansa nama da man shanu har launin jikinsa ya canza. Ragi daga sama yake farawa: motocin manya, da tafiye-tafiye, da bukukuwa, kafin a taɓa alli da allura. Kuma a sanya masa wa'adi, a rubuta abin da aka riƙe a matsayin bashi, a mayar idan sauƙi ya zo.

Ku kuma ma'aikata, ku ji tsoron Allah. Suratul Muɗaffifina ta yi gargaɗi ga wanda yake cika mudu in zai karɓa, ya tauye in zai bayar. Wanda ya zo biro da hantsi ya tashi kafin azahar, ko ya bar yara a aji ya tafi kasuwancinsa, shi ma ya tauye mudu, kuma shi ne yake ba masu son rushe dokar kariya hujja. Maganin malalaci shi ne a bincike shi a hukunta shi da sunansa. Ba a ƙone rumbu don ɓera.

Daga ƙarshe, kowa a cikinmu ya dubi gidansa. Da yawanmu muna da yaron shago, ko ƴar aiki, ko ɗan ƙwadagon gona. Shin mun yanka musu lada sananne? Muna biya a kan lokaci? In sun yi ciwo, muna jinyarsu ko muna neman wasu? Wanda yake neman adalci daga hukuma, ya fara tsaida shi a zaurensa.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya sanya albarka a gumin kowane mai nema, ya kiyashe mu da cin haƙƙin bayinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.