Mai Gani Daga Sama

Ku 'yan makaranta masu bin hanyar PZ zuwa Samaru, kun saba ganin ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi da aka kafa a Zariya cikin 1964 suna shawagi bisa kanku. To, bari mu ba ku labarin kakanninsu, gama akwai wata tambaya da ta daɗe tana damunmu game da su.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, jirage uku na sojan Ingila suka sauka Kano, shugabansu Arthur Coningham. Daga Helwan, kusa da Alƙahira, suka taso, suka biyo ta Hartum da Fashir da Maiduguri. Sunan irinsu DH.9A. Fukafukansu hawa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya, na katako, an lulluɓe da ƙyalle an ɗaure da waya. Mutum biyu ke shiga, na gaba yana tuƙi, na baya yana leƙen ƙasa.

Wannan na bayan shi ne abin zancenmu. Gari duka yana ƙarƙashinsa, da ganuwa da kasuwa da turakun dawaki, amma ƙarar inji ta toshe masa kunne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ga shi kuwa ya tabbata ta hanyar da ba su nufa ba. In ya hangi taro a ƙofar gari, ina zai san ko ɗaurin aure ne, ko jana'iza, ko gayyar yaƙi? Duk da haka abin da ya faɗa shi manyansa za su bi.

Ba zancen banza muke yi ba. Cikin 1920 jirage irin waɗannan suka jefa bom kan garuruwan Sayyid Muhammadu Abdullahi Hasan a ƙasar Somaliya, har da birninsa Taleh. A Iraƙi kuma, cikin shekarun da suka biyo, an ƙone ƙauyuka daga sama, waɗansu don sun ƙi biyan haraji.

Wani zai ce, ai sojan ƙasa ma yana kisa. Gaskiya ne. Amma shi yana jin kukan yaro, watakila hannunsa ya yi sanyi. Na sama kuwa an ɗauke masa wannan, sai ya koma barikinsa ya ci abinci lafiya. Shin rashin jin ya rage masa alhaki? Mu dai a ganinmu bai rage ba, don ya sani sarai akwai mutane ƙarƙashin jinkayen nan.

Kada ku ce wannan na matuƙa jirgi ne kaɗai. Gobe waninku zai zauna ofis, a kawo masa takarda mai cewa gidaje 40 sun tare inda za a yi hanya. Shi ma daga sama zai gan su, alƙalami a hannu, ba zai ji muryar tsohuwar da kabarin mijinta ke bayan dangar ba, sai fa in ya hau kekensa ya tafi can ya yi sallama.