HAJJIN GURGU DA MAKAHO: ABIN DA SHARI'A TA CE, DA ABIN DA YA RAGE GARE MU

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan an fara rubuta sunayen maniyyata, akwai wata magana da ake faɗa a gidajenmu: "Wane ai gurgu ne, ina shi ina Makka? A ba ƙanensa kuɗin ya tafi." Sai a yanke masa hukunci shi yana zaune, ba a tambaye shi ba, ba a kuma tambayi malami ba.

Ku sani, sharaɗin hajji shi ne iko. A mazhabarmu ta Imamu Malik, iko shi ne mutum ya iya isa Makka ba tare da wahala mai tsanani ba, da aminci ga ransa da dukiyarsa. Shehu Halil ya ambaci makaho a cikin Muhtasar, ya nuna cewa idan ya samu ɗan jagora, hajji ya hau kansa kamar kowa. Kuma a wurin malamanmu, hajjin farilla da wani ya yi wa mai rai ba ya sauke masa farali. Tafiyar ƙanen nan, ta ƙanen ce.

Annabi (SAW) da kansa ya yi ɗawafi bisa raƙumi a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan Hijira, yana nuna Hajarul Aswadi da sanda. Da Uwar Muminai Ummu Salama ta kai masa kukan rashin lafiya, sai ya umarce ta ta yi ɗawafi a bayan mutane tana bisa abin hawa. Keken guragu kuwa abin hawa ne. Mai uzuri ya yi ɗawafi da sa'ayi a kansa, babu hadaya a wuyansa. Mai lafiya ne idan ya hau don ƙyuya za a ce ya sake, kuma irinsu suna da yawa, Allah Ya shirye mu.

Mai tura keke ya kiyaye abu guda. Malamanmu sun ce wanda ya ɗauki wani ya yi niyyar ɗawafi ɗaya don su biyu, bai isar wa kowa a cikinsu ba; amma a sa'ayi ya isar. Mafi tsare addini, ya fara gama nasa ɗawafin, sannan ya komo ya tura ɗan'uwansa. Wanda ya kasa jifa kuma ya wakilta wani, ya yi hadaya.

Kakanninmu sun bi ta Cadi da Sudan a ƙafa har bakin Bahar Maliya, wasu sai bayan shekaru suke komowa. A wancan zamani uzurin gurgu a fili yake. Yau daga Yamai zuwa Jidda sa'o'i ne kaɗan. A Harami akwai kekuna na turawa da masu aiki da lantarki, akwai hanyar da aka keɓe musu tsakanin Safa da Marwa, inda zagaye 7 ya kai kimanin kilomita 3. Tun 2010 jirgin ƙasa yake haɗa Mina da Arfa da Muzdalifa, tun 2018 kuma wani yake haɗa Makka da Madina. Sai dai ɗawafi a bene ya fi na ƙasa nisa ƙwarai, don haka a yi wa musaki tanadin abokin tafiya mai ƙarfi, a kuma sanar da masu shirya tafiya halinsa tun ranar rubuta suna, ba sai an isa filin jirgi ba.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, amma shi ladani ne a masallacin Annabi, kuma an sha barin sa ya ja salla a Madina. Mu kuwa mun gina masallatai masu matakala uku, huɗu, mun bar ƴan'uwanmu suna salla a rana bakin ƙofa, har mai wucewa ya ɗauka bara suka zo yi ya jefa musu dala. Gangare na siminti a ƙofa ɗaya, da famfo ɗaya da mai keke zai iya kaiwa a wurin alwala, ba su kai kuɗin lasifikar da muke sauyawa duk Ramalana ba. Kwamitin kowane masallaci ya kira magini ya auna ƙofarsa kafin Juma'a mai zuwa.