Wa Ke Riƙe Da Amanar Abin Kowa?

Ƙasar Bagudo, cikin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta masu wucewa. Kogin Kwara ya ratsa ta, iyakar Jamhuriyar Benin kuwa ga ta nan daga yamma. Wanda ya bi ta Tsamiya ya ƙetare, sai ya faɗa yankin Segbana, inda kuɗi ke komawa sefa, takardun hukuma kuma su koma Faransanci. Turawan Ingila da na Faransa ne suka yanke wannan iyaka da yarjejeniyar da suka yi a Paris cikin 1898, suka raba ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi. Amma fatake ba su daina zirga-zirga ba. A wuri irin wannan abubuwa da yawa na kowa da kowa ne: randar bakin hanya, da jirgin fito, da ɗakin baƙi. A zamaninmu an sami ƙarin wani, watau kwamfutar haya, wadda mutum kan biya kuɗi ya zauna gabanta na ɗan lokaci, ya tashi wani ya zauna.

Ba don nishaɗi ake zuwa gabanta ba. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta mai da ita duka haka. Neman gurbin karatu, da neman aikin gwamnati, da duba sakamakon jarrabawa, yawancinsu yanzu ta intanet ake yi. Wanda wayarsa ba ta iya wannan aiki, ko yana bukatar a buga masa takarda, dole ya nemi shagon kwamfuta. Can zai shigar da sunansa, da hotonsa, da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, wani lokaci har da kalmar sirrin asusunsa, cikin na'urar da ba tasa ba, wadda bai san wa zai zauna gabanta bayansa ba.

To, abin kowa ba shi daɗewa bai lalace ba. Wannan ya sauya tsarin na'urar don ya fi masa daɗi, wancan ya soka ɗan ma'ajinsa na filash ya bar mata ƙwayar cuta, wani ya share abin da bai san amfaninsa ba. Saboda haka masana suka ƙirƙiro wata irin manhaja, watau tsarin umarni da ake ɗora wa kwamfuta, wadda aikinta ɗaya ne: ta sa na'ura ta manta. Wadda ta fi shahara ita ce Deep Freeze, ta kamfanin Faronics da ke Vancouver a ƙasar Kanada. Kamfanin Microsoft ma ya taɓa ba da tasa kyauta, Windows SteadyState, amma ya janye ta a ƙarshen 2010. Akwai kuma wata, Reboot Restore Rx. Makarantu da ɗakunan karatu da shaguna a ƙasashe da yawa suna aiki da irinsu.

Ga yadda abin yake. Mai shago ya shirya na'urarsa yadda yake so, sa'an nan ya kulle ta a wannan hali, kamar an daskarar da ruwa ya zama ƙanƙara. Daga nan duk abin da wani ya rubuta, ko ya sauya, ko ya share, ba ya taɓa ainihin ajiyar na'urar. Manhajar tana karkatar da shi zuwa wani gefe, tana riƙe da lissafin inda ta sa shi. Mai aiki yana ganin kamar komai ya zauna. Da an kashe na'urar an sake kunna ta, sai a jefar da wancan lissafi, ta tashi kamar ranar da aka kulle ta.

Mai karatu zai tuna da allo. Yaro ya rubuta, ya karanta, a wanke, a sake rubutu. Misalin ya yi kusa, amma akwai bambanci babba. Ba a wanke allo sai malam ya tabbata karatun ya shiga kan yaro. Ita wannan manhaja ba ta tambayar kowa. Takardar neman aikin da saurayi ya yi awa biyu yana gyarawa, da ƙwayar cutar da wani ya shigar, duka ɗaya ne a wurinta. Kuma a ƙasarmu ba mutum kaɗai ke kashe na'ura ba. Wutar lantarki ta ɗauke, ko man janareta ya ƙare, shi ke nan, aikin da ba a fitar ba ya tafi.

Yanzu sai mu tambaya: wannan mantuwa alheri ce ko kuwa hasara?

Alherinta a fili yake, kuma ya fi yawa ga baƙo. A ce bafatake ya ƙetaro daga Segbana, ya shiga shago ya buɗe imel ɗinsa, ya aika da hoton takardun kayansa, ya tashi cikin gaggawa don kada mota ta bar shi, bai rufe asusunsa ba. Ba zai komo garin ba sai bayan wata uku. Ba shi da ɗan'uwa a nan da zai bi masa kadi. In na'urar mai riƙo ce, asirinsa yana hannun duk wanda ya zauna bayansa. In mai mantuwa ce, kashewa ɗaya ta rufa masa asiri. Fatoma na kirki, in baƙo ya tashi, yakan share ɗaki ya kakkaɓe tabarma kafin ya sauki wani, ba ya kuma ba sabon baƙo labarin abin da na jiya ya ƙunsa cikin kayansa. Ta wannan fuska na'urar ta yi halin dattijo. Dokar kare bayanan mutane da Nijeriya ta kafa a 2023 ma ta tafi a kan haka, cewa kada a riƙe bayanin mutum ya wuce lokacin da ake bukatarsa.

Amma tsintsiyar da ta share sawun baƙo ita ke share sawun ɓarawo. Wanda ya zauna ya rubuta wasiƙar damfara, shi ma ana kashe na'ura ta manta da shi. Wannan ya sa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa masu shagunan intanet su yi rajista, su kuma ajiye littafin da masu shiga za su riƙa sa hannu. Dubi abin mamaki: a ɗaki guda, na'ura an umurce ta ta manta, mai shago an umurce shi ya tuna. A ganina babu saɓani a nan. Abin da aka rubuta na mai shi ne, bai kamata ya kwana a na'urar haya ba. Amma cewa wane ya zauna nan ran kaza, wannan magana ce ta jama'a, kuma ɗan Adam ya kamata ya riƙe ta, don shi ake iya kira a tambaya.

Akwai masu wata ƙorafi ta dabam, kuma ba a raina ta ba. Sun ce abin da ba ya ɓaci ba ya koya wa mutum hankali. Yaron da ya fasa moɗar randa, aka yi masa faɗa, gobe zai riƙe ta da hannu biyu. Wanda ya saba da na'urar da kome ya yi mata sai ta warke da kanta, ran da ya sami tasa zai yi mata irin wannan riƙo. Da gaskiya a ciki. Sai dai ni na fi ganin ɗaya gefen. Babban abin da ke hana dattijo taɓa kwamfuta tsoro ne, kada ya danna wani wuri ya ɓata kayan mutane a ce ya biya. Duk wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a kansa ya san wannan tsoro, ran da aka fara miƙa masa fensir. Ba don ana iya goge kuskure ba, da mutane da yawa ba su koyi rubutu ba. In aka ce wa mai koyo, “Baba, danna duk inda ka ga dama, ba abin da zai lalace,” an cire masa rabin wahala.

Inda nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne nan. Manhajar ba ta mai da na'ura ga hali mai kyau. Tana mai da ita ne ga halin da aka kulle ta a ciki, mai kyau ne ko maras kyau. In mai shago ya kulle ta da cuta a ciki, kullum da cutar za ta tashi, ko an cire ta da rana, gobe ga ta nan. In mugu ne, ya ɗora abin da ke satar kalmomin sirri kafin ya kulle, to, mantuwar na'urar ba ta shafi wannan ba, don shi yana cikin asalin da ake komawa. Har wa yau, gyare-gyaren tsaro da kamfanoni ke aikowa ba su zama sai an buɗe kullen an shigar da su an sake kullewa. Mai shagon da ya kulle tasa ya yi shekara bai waiwaye ta ba, tana nan fes a ido, alhali kuwa ƙofofin da ɓarayi suka gano cikin shekarar nan duk a buɗe suke. Mabuɗin yana hannun mutum ɗaya, masu shiga kuwa ba su da hanyar ganin abin da ya kulle.

Ashe ke nan amanar ba ta tashi ba, wuri ta sauya. Dā tana warwatse a wuyan duk wanda ya zauna, yanzu ta taru ta yi nauyi a wuyan mai mabuɗi. Shi kuma mai zama, nasa rabon bai ƙare ba. Abin da ya riga ya aika ta intanet ya tafi, kashe na'ura ba ya komo da shi. Kuma ba a kashe ta bayan kowane mutum sai in mai shago ya tsara haka. Wata na'urar tun safe take kunne har dare, mutum goma sun wuce ta kanta, na goma yana iya ganin abin da na fari ya bari. Wanda ya gama aikinsa sai ya kwashe shi cikin filash ko ya aika wa kansa ta imel, ya rufe asusunsa, sa'an nan ya roƙi mai shago a kashe a kunna a gaban idonsa. Minti biyu ne ko uku. Mai shagon da ya ɗora irin wannan manhaja kuwa, hakki ne a kansa ya faɗa wa mutum tun kafin ya zauna, ba bayan wuta ta ɗauke ba. A gari irin na bakin iyaka sai ya rubuta a bango da Hausa da Faransanci, wanda bai iya karatu ba kuma a gaya masa da baki.