Kariyoba Ba Zunubi Ba Ce, Satar Amsa Ce Zunubi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah (SAW) da iyalansa da sahabbansa.

Rubutun yau na ƙannena ne ɗalibai, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, da iyayensu na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye. Duk lokacin da aka kafe sakamako, saƙonni kan cika min akwati, kuma kusan maganar ɗaya ce: "Malam, na faɗi kwas biyu, ban san da wane ido zan kalli Baba ba." Wani ya ce zai ajiye karatun. Wani kuma ya tambaya a fakaice, wai in ya shiga da ƴar takarda sau ɗaya tak don ya tsallake, akwai laifi?

Da farko, ba na raina wahalarku. Tun da aka kafa jami'ar nan a 2011 karatun digiri ya matso kusa da ɗan talaka, amma bai zo da sauƙi ba. Wanda ya shiga kafin 2020 ya sha yajin aikin ASUU na kusan wata tara a shekarar, ya sake shan na wata takwas a 2022. Digirin shekara huɗu ya koma biyar ko shida ba da laifinsa ba. Aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma ya zama abin lissafi, kuɗin haya da na abinci suka bi sahu. A watan Oktoban shekarar aka sace ɗalibai mata biyar a gidan da suke haya a cikin gari. Yaron da ke karatu da yunwa a ciki, kunnensa na waje yana sauraren motsi, in ya faɗi ba lallai ne daƙiƙi ba ne.

To amma mu tsaya a kan hukunci. Faɗuwa jarrabawa ba saɓon Allah ba ne. Ba za a tambaye ka makinka a kabari ba. Satar amsa da sayen maki kuwa haramun ne, babu ja. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, sai ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi kan me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai algus. Ka duba fa, hatsi ne kawai. Takardar digirin da aka samu da satar amsa ita ce tarin nan: busasshe a sama, jiƙaƙƙe a ƙasa.

Kuma algus ɗin hatsi a kasuwa ɗaya yake ƙarewa. Na takarda kuwa bin mutum yake. Da ita za ka je bautar ƙasa, da ita za ka nemi aiki, in gwamnati ce ka yi shekara 35 kana karɓar albashi a kanta, ka yi aure da shi, ka ciyar da ƴaƴa, ka je Makka. In malamin makaranta ka zama, yara nawa za ka koya wa abin da ba ka sani ba? In ma'aikacin lafiya, wa za a kwantar a gabanka? Wataƙila mahaifiyarka ce. Don gudun ƙarin shekara ɗaya ka jefa abincin rayuwarka cikin shubuha? Wallahi cinikin nan faɗuwa ce.

Ku tuna Sibawaihi. Hadisi ya je koyo a Basra wajen Hammad ɗan Salama, sai ya yi kuskuren nahawu a gaban jama'a, malamin ya gyara masa. Da wani ne, kunya ta kore shi ke nan. Shi kuwa ya tafi ya durƙusa gaban Khalil ɗan Ahmad, har ya rubuta Al-Kitab, littafin da malaman Larabci ke komawa gare shi sama da shekara dubu. Inda aka kama shi da rauni, nan ya sa ƙarfinsa.

Saboda haka ga shawarata, ɗan uwa.

Na ɗaya, ka gaya wa iyayenka gaskiya da wuri. Na san akwai wanda aka sayar da buhunan gero ko ɗan bijimi aka biya masa rajista. Za su ji zafi, amma zafin yau bai kai na ranar da abokanka za su tafi sansanin bautar ƙasa kai kana ƙirƙiro ƙarya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na biyu, kada ka fake da ƙaddara. Wanda ya kwana a TikTok da kallon ƙwallo, ya tsallake lakca da gwajin tsakiyar zango, sannan ya ce haka Allah Ya so, ya yi wa ƙaddara mummunar fahimta. Ɗaure raƙumi yana gaba da tawakkali. Ka zauna ka gano ainihin abin da ya kayar da kai: Turanci ne, lissafi ne, rashin zuwa aji ne, ko abokai?

Na uku, matambayi ba ya ɓata. Ka je wajen malamin da ke kula da ajinku kafin rajistar zango mai zuwa, kada ka lafta wa kanka kwasa-kwasan da ba za ka iya ɗauka ba. Ka shiga darussan bita da ƴan uwa ke shiryawa a masallacin makaranta. In kwas ɗin ne bai dace da kai ba, canza sashe ba abin kunya ba ne. In kuɗi ne matsalar, ka bincika bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a cikinsa.

Na huɗu, ƙanwata, duk wanda ya nemi mutuncinki a madadin maki, ko wane ne shi, ki kai ƙara, ki sanar da gida. Kariyoba goma ta fi wannan sauƙi.

Wanda kuma ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take. Ya yi nadama, ya daina, ya koma ya koyi abin da takardarsa ke cewa ya sani.

Iyaye, yaron da ya zo muku da gaskiya kada ku tarbe shi da zagi da baki, don shi ke tura na gaba ga satar amsa. Masu hali na Dutsin-Ma da Kurfi, Abu Yusuf talauci ya kusa raba shi da karatu, Imam Abu Hanifa ya riƙa ɗaukar nauyinsa, har ya zama babban alƙali a zamanin Haruna Rashid. A unguwarku akwai irinsa, kuɗin rajista kawai ya tsayar da shi. Ku neme shi, don ba zai zo ya roƙa ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya buɗa wa ƴaƴanmu ƙwaƙwalwa, Ya ba su ilimi mai amfani da abinci na halal, Ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya. Wanda ya san mai irin wannan damuwa ya tura masa.

Wallahu a'alam.