Wace Mota Muke Gyarawa?

Daga 1975 ne kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma Fijo 504 ta zama motar ma'aikaci, malamin jami'a da direban tasha. An daɗe da daina ƙera ta, amma har yau a garejin kanikawan Chikaji da sauran unguwannin Sabon Gari muna ganin masu kawo ta gyara, wasu don neman abinci, wasu don gadon mahaifi ce.

Idan mai walda ya sauya ƙasan motar, bakanike ya sauya inji, aka sake kujeru da fenti, shin motar mahaifin ce har yanzu? Tambayar tsohuwa ce. Marubucin Girka Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas, wanda mutanen Atan suka riƙa sauya wa katako ɗaya bayan ɗaya, har masana suka yi ta musu ko shi ne jirgin farko.

Mu wannan musu bai cika damunmu ba, domin mun taso a gidajen ƙasa. Kowace shekara bayan damina ana sabon yaɓe, bango ya faɗi a tayar da wani, amma ba wanda ya ce gidan kakanmu ya zama wani gida. A wurinmu abu yana nan muddin yana ɗaukar nauyin da aka yi shi dominsa. Saboda haka tambayar da ta fi dacewa ita ce: motar tana iya ɗaukar wannan nauyi kuwa?

A nan shasi ya shigo. A 504 ƙarama, jikin motar da ƙasanta su ne ƙashin bayanta, don haka tsatsar da ta ci ƙasa ta ci ƙarfin motar. Gyara na gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen ƙarfe har a kai ga mai lafiya, a auna kusurwa zuwa kusurwa a tabbatar ba ta karkace ba, a yi faci da ƙarfe mai kauri irin na asali, a riƙa walda kaɗan-kaɗan don kada zafi ya lanƙwasa shi. Ko ƙarfafawar ma tana da iyaka: idan aka jibga ƙarfe mai kauri a wuri guda, nauyi zai koma gefen facin, can ne zai tsage.

Wannan aiki yana cin kuɗi da lokaci, kuma ido ba ya ganinsa. Cike rami a shafe da fenti kuwa ya fi arha, ya fi sheƙi. Laifin ba na mai walda kaɗai ba ne. Mu ne muke cewa a rage kuɗi, mu ne muke yaba fenti ba mu leƙa ƙasa ba. Malaman fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, to ina ga aibin da sai a kan titin Zariya zuwa Kano zai bayyana, mota cike da mutane?

Wanda ya sauya rabin ƙarfen motar mahaifinsa ta tsaya da ƙarfinta, ya riƙe gadon. Wanda ya bar ruɓaɓɓen ƙarfe don kawai na asali ne, ya lulluɓe shi da fenti, ya sa iyalinsa cikin haɗari. Idan za mu je karɓar mota, mu durƙusa mu duba ƙasanta kafin mu duba launinta.